Dubu Ɗari Tara Ba Ashirin

Dubu ɗari tara ba ashirin.
Sista Tabawa ta ƙirga su sau biyu
a kan teburin awon jarirai,
ta ɗaure da kyauro, ta ce:
"Mudassir, iyakarmu ke nan.
Gara ta cinye katunan shekara huɗu.
Samo mana abin da gara ba ta ci."

Da hantsi na sauka Titin Beirut,
takardar lissafi a aljihun gaba,
kuɗin a inda ba zan faɗa ba.

Shagon farko, gilashi da sanyi.
Ga wata baƙa tana sheƙi a kwali,
fitilu shuɗi da ja suna ƙifta mini ido.
Yaron shago ya ce furosesarta ta bana ce,
ya faɗi kuɗi,
na ce Allah ya kawo kasuwa.
Ba tsere na zo ba,
jaki nake nema mai jure mangala.
Rumbun bayanai ba ruwansa da kwalliya.

Can ƙuryar layi, bayan mai gyaran firinta,
Inuwa Balgiyam ya jawo wata daga ƙarƙashin benci.
Wai ta yi aikin banki a wata ƙasa har ta yi ritaya.
Ya goge ta da gefen riga, ya kunna.
Ta yi gurnani kamar injin markaɗe,
sannan ta lafa.

Na ce, buɗe cikinta mu gani.
Ram ɗinta kaɗan ne,
amma irin mai gyara kuskuren kansa,
ga ramuka huɗu fayau suna hamma.
Ram ai tabarma ce a tsakar gida:
in ta yi faɗi, hatsin yini duk yana kanta,
ba a hawa rumbu don kowane mudu.
Na cika biyu, na bar wa baɗi biyu.

Wajen faifai muka yi ja-in-ja.
Ya ce ɗauki babba ɗaya mai juyawa, ga araha.
Na ce ƙanana biyu marasa juyi, sababbi fil,
abin da Hassan ya rubuta Husaini ya rubuta,
ranar da ɗaya ya kwanta dama
ɗayan ya riƙe gida.
Tsohuwar furosesa na yarda da ita.
Tsohon faifai kuwa, ko kyauta.
Inuwa ya kama haɓa:
"Kai ɗan wa ne a Kurmi?"

Saura dubu ɗari da saba'in
sai na tuna wuta.
Nefa a unguwarmu ba ta sallama in za ta tafi,
kuma rubutu in ya yanke a tsakiya
gara da ba a fara shi ba.
Na soke allon kallo, zan ari na akawu.
Na soke linzami.
Na gangara Titin Faransa na sayi batir
da akwatin da ke riƙe numfashi minti ashirin.
Bayan mai adaidaita ya karɓi nasa
canjin bai kai kuɗin fura ba.

Yanzu tana ɗakin ajiya a Gyaɗi-Gyaɗi,
tsakanin kwalayen ruwan ƙari da auduga,
bisa bulo biyu saboda damina,
wata gurguwar fanka tana yi mata fifita.

Daren Talata ba na nan.
An ce ƙarfe biyu aka kawo Zulai daga Hausawa,
naƙuda ta kankama, kati ya ɓata.
Wuta ta ɗauke. Akwatin ya fara kuka.
Kafin maigadi ya ja janareto
Sista ta buga suna,
tsohuwar ta amsa:
jininta irin mai wuyar samu ne,
ga lambar yayanta da ya taɓa bayarwa.

Namiji aka haifa.

Duk da haka ban saki jiki ba.
Tagwaye a ɗaki ɗaya suke kwana,
gobara ba ta bambance su.
Kowace Juma'a kafin masallaci
ina kwafe komai a wani ɗan faifai,
Sista ta naɗe shi a safa ta tafi da shi gida.

Ramuka biyun nan suna nan suna hamma.
Ta ce sai an biya bashin mai dizal.